Yadda za ka samu garejin amana don akori-kurarka mai amfani da man gas

Akori-kura mai injin dizal mota ce ta neman abinci. Ita ke ɗauko buhunan masara daga Saminaka, ita ke kai ma'aikatan rigakafi ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, kuma in ta kwanta mako guda a gareji asarar ta wuce kuɗin gyara. Injinta yana iya yin ɗaruruwan dubban kilomita ba a buɗe shi ba, amma fa ba ya yafe ganganci. Kuskure ɗaya a wajen juyen baƙin mai ko a wajen nozul, wato bakin da ke fesa man gas cikin injin, ya isa ya jawo sayen wani injin. Shi ya sa zaɓen wanda zai riƙa taɓa motar ya fi zaɓen motar kanta wuya. Babban allo mai tambarin kamfani a bakin ƙofa ba ya isa hujja. Abin da za ka nema shi ne wurin da ake aunawa kafin a canza kaya, ake rubuta abin da aka yi, kuma ake miƙa maka tsohon kayan da aka cire.

Fara da sanin motarka

Kafin ka taka ƙofar kowane gareji, ka rubuta abu uku a takarda: lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, sunan injin, da kasuwar da aka ƙera motar dominta. Sunan Hilux kaɗai ba ya gaya wa kowa komai, domin a ƙarƙashin bonet ɗinta ana samun injina iri-iri. Akwai 5L-E mai lita 3.0 marar turbo, mai haƙuri da man da ba shi da kyau. Akwai 2KD-FTV mai lita 2.5 da 1KD-FTV mai lita 3.0, waɗanda suka zo da Hilux ɗin da aka fara fitarwa wajen 2005. Daga 2015 kuma sai 2GD-FTV mai lita 2.4 da 1GD-FTV mai lita 2.8. Injinan KD suna da bel ɗin taimin, wanda ake canzawa a kilomita 150,000, har fitilar T-BELT takan kama a dashbod don tunatarwa. Injinan GD kuwa sarƙa gare su. Duk wanda ya ce zai canza maka bel ɗin taimin a 1GD, to ko dai bai san motar ba, ko kuma aljihunka yake hari.

Haka sauran motocin suke da nasu halin. Tsohuwar Mitsubishi L200 mai injin 4D56 bel biyu gare ta, na taimin da ƙaramin na balansa, kuma tare ake canza su, don in ƙaramin ya tsinke yakan faɗa cikin babban ya jawo ɓarna. Ford Ranger mai lita 2.2 da 3.2 tana da famfon baƙin mai da ba ya son a bar injin babu mai fiye da minti goma a lokacin juye, domin yana iya kasa jawo man idan an tayar. Makanikin da ya kwance ƙusar juye ya tafi cin abinci zai iya kashe injin lafiyayye a ranar.

Maganar kasuwa kuma ta fi muhimmanci ga mai motar da aka shigo da ita daga Turai, ta Kwatano ko ta Legas. Irin waɗannan galibi suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF, kuma an tsara su ne don man gas mai ƙarancin sulfa ƙwarai. Motar da aka ƙera don Afirka sau da yawa ba ta da wannan matatar. Baƙin man da za a zuba musu ya bambanta, wasu filtocin ma sun bambanta, kuma ba kowane dila ne ke ajiye kayan motar da ba ta hannunsa ta shigo ba. Ka tambaya tun farko ko suna karɓar irin taka.

Tabbatar da cewa dilan na gaske ne

Kowa na iya buga tambarin Toyota ya rataya. Hanyar tabbatarwa ita ce ka nemi jerin dilolin daga kamfanin da ke da izinin shigo da motar. A Najeriya Toyota Nigeria Limited na da jerin dilolinsa, cikinsu har da Elizade. Coscharis Motors ke riƙe da Ford, Massilia Motors kuma ke riƙe da Mitsubishi. A Nijar, CFAO ke wakiltar Toyota a Yamai. Ka buga wa hedikwatarsu waya ko ka duba shafinsu na intanet, ka tambayi ko reshen da kake shirin zuwa nasu ne, kuma ko yana gyara ne ko sayar da mota kawai yake yi. Akwai wuraren da ɗakin baje kolinsu ke sheƙi amma bayan gida makaniki biyu ne da akwatin sifana ɗaya.

Idan motarka na cikin waranti, wannan mataki ya zama dole, don juye ɗaya a wajen da ba su amince da shi ba na iya zama dalilin da za su ƙi biyan babban gyara. Ka karanta sharuɗɗan da ke cikin littafin sabis, ka tabbata ana buga hatimi da kwanan wata da adadin kilomita a kowane zuwa. Idan waranti ya ƙare, kana da zaɓi tsakanin dila da ƙwararren makanikin dizal mai zaman kansa, kuma ma'aunin da ke tafe ya hau kan su duka biyun.

Wajen neman shaida, kada ka tsaya kan abokin da ke da ƙaramar motar fetur. Ka nemi waɗanda ke da akori-kura goma ko ashirin a hannunsu: jami'in sufuri na ƙungiyar agaji, direbobin kamfanin gine-gine, masu kula da motocin manyan gonaki. Su ne suka san wurin da mota ke zuwa sau ɗaya ta warke, da wurin da take komawa sau uku kan ciwo ɗaya. Tambayar da ta fi amfani ita ce: "Da aikinsu ya taɓa ɓaci, yaya suka yi da ku?" Babu garejin da ba ya kuskure, kuma a nan ne halinsu ke fitowa.

Ka je da ƙafarka kafin ka kai motar

Ka ware awa ɗaya ka je ba tare da wata matsala ba, ka nemi ganin shugaban makanikai, wanda yara ke kira Oga. Wanda ke karɓar baƙi a kanta aikinsa magana ne, ba shi ke riƙe sifana ba. Ka gaisa, sannan ka ce, "Oga, akori-kura gare ni mai 2KD, ina neman inda zan riƙa kawo ta. Wa ke duba dizal a nan?" Idan amsar ita ce "kowa ma yana yi, Alhaji", ka yi hattara. Wurin kirki zai nuna maka mutum ɗaya ko biyu da aikinsu ke nan.

Sannan ka duba da idonka. Injinan zamani suna tura mai zuwa nozul da matsin da ya wuce bar 1,500, sababbin ma suna haura 2,000, kuma ramukan bakin nozul ɗin ƙanana ne ƙwarai, kusan kaurin gashin kai. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta gurje su. Don haka ka lura da inda ake kwance kayan mai. In ka ga nozul a kan tsumma a ƙasa, ga iskar hunturu na kaɗo ƙura, ko bututun mai a buɗe ba a toshe bakinsa ba, wannan wurin ba na motarka ba ne ko da sun fi kowa araha. Ka nemi ganin sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, domin ƙusoshin nozul da na kan silinda da awo ake ɗaure su. Ka tambayi wace kwamfuta suke sa wa mota. Dilan Toyota na gaske yana da Techstream, manhajar Toyota ta binciken mota. Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya tana karanta lambar matsala ta goge ta, amma yawanci ba ta iya shigar da lambar sabon nozul.

Wannan lambar ita ce tambayar gwaji mafi kyau. Kowane nozul na kamfanin Denso a injin KD na Hilux ɗin 2005 zuwa gaba yana da lamba mai haruffa da lambobi 30 a kansa, wadda ke gaya wa kwamfutar motar ɗan bambancin da ke tsakaninsa da 'yan'uwansa. In an canza nozul ba a shigar da ita ba, injin zai riƙa ƙara kamar ana buga guduma, ya yi hayaƙi, ya sha mai. Ka tambayi Oga, "In kun sa sabon nozul, me kuke yi daga nan?" Wanda ya san aikinsa zai ambaci lambar tun kafin ka rufe baki.

Gwada su da ƙaramin aiki

Kada babban gyara ya zama haɗuwarku ta farko. Ka ba su juye da canjin filta, ka kuma shirya motar yadda za ka gane abin da aka yi. Ka ɗiga jan fenti ko ka yi alama da maka a jikin filtar baƙin mai da ta man gas da ta iska. Ka ɗauki hoton adadin kilomita da na allurar tanki. Ka nemi a ba ka takardar aiki mai ɗauke da abin da ka ce a yi, kuma a rubuta a kai cewa ba za a ƙara wani aiki ba sai an kira ka.

Ka tambayi wane baƙin mai za su zuba, kuma nawa. Injinan KD da GD suna ɗaukar kusan lita 7 zuwa 7.5 idan an haɗa da filta, don haka galan ɗaya mai lita 4 ko 5 ba ya isa, kuma lissafin lita 10 ya yi yawa. Motar da ba ta da DPF tana tafiya lafiya da 15W-40 na dizal mai darajar API CI-4 ko CH-4 a irin zafinmu. Mai DPF kuwa tana bukatar mai ƙarancin toka, irin ACEA C2 da Toyota ke nema, galibi 0W-30 ko 5W-30. In aka zuba mata na gama-gari, tokar za ta taru a matatar ta toshe ta, kuma irin wannan tokar ba ta ƙonewa. A buɗe galan ɗin a gabanka. Idan daga durom suke ɗiba, a nuna maka rubutun da ke jikinsa. A hanyoyinmu masu ƙura da lodi mai nauyi, juye a kowane kilomita 5,000 shi ne abin da ya dace, ko da littafin ya ba da tazara mafi tsawo ga masu tafiya a kan kwalta.

Filtar man gas ta cancanci ka tsaya a kanta. A Hilux tana da ɗan famfon hannu a sama da ƙusar tsiyaye ruwa a ƙasa. Ka roƙi makanikin ya tara gorar roba mai haske, ya sassauta ƙusar zagaye biyu, ya danna famfon. Ka ɗaga gorar ka bar ta ta natsa minti biyu. Man kirki garau yake, launinsa ɗaya. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a gindi kamar ƙwallayen gilashi, man yana bisa. In ka ga baƙin gari ko jan tsatsa, tankin na bukatar wanki. In kuwa ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, kada a tayar da motar, domin alama ce babban famfon man gas ya fara cin kansa, kuma garin zai bi bututu ya lalata nozul huɗun duka. Garejin da ya yi maka wannan gwajin ba tare da ka roƙa ba ya cancanci ka riƙe shi.

Bayan an gama, ka duba alamominka. Ka ja sandar awon mai a wuri mai daidai, bayan injin ya huta minti biyar. Kada ka tayar da hankali in sabon man ya yi duhu da wuri, haka dizal yake. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko an sa giris a mahaɗan farfela, wanda yawancin wurare ke tsallakewa duk da yana cikin sabis ɗin mota mai taya huɗu masu ja. Sabon giris yana fitowa a gefen mahaɗin, ido na ganinsa. Ka buɗe akwatin filtar iska ka shafa yatsa a ɓangaren da ke kallon injin. In ka samu ƙura a can, ko dai filtar jabu ce ko ba ta zauna daidai ba. Kuma kada ka yarda a hure ta da iskar kwamfaresa mai ƙarfi, domin tana yaga takardar ta yadda ido ba ya gani, ƙurar ta wuce ta cinye fukafukan turbo da ringin fistin.

Idan babban gyara ya taso

A nan ne ake raba mai aunawa da mai canke. A ce motar ta rasa ƙarfi, tana mutuwa a tsaye, ko fitilar injin ta kama. Mai canke zai saurari ƙarar ya ce, "Nozul ne, sai an canza huɗun," ko "Famfon ya tafi." Waɗannan su ne kaya mafi tsada a tsarin man. Mai aunawa zai fara da mai araha: filtar man gas, iska a bututu, sannan ya sa kwamfuta ya kwatanta matsin da injin ke nema da wanda yake samu. A famfon Denso na injinan KD akwai ɗan bawul mai daidaita shigar mai, ana ce masa SCV. Idan ya fara maƙalewa yana kawo duk waɗannan alamomin, kuma kuɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na famfo. Sau da yawa ana sayar wa mutane famfo sukutum alhali wannan bawul ne kawai ya gaji.

Ga nozul kuma akwai awo. Kwamfuta tana nuna yawan gyaran da injin ke yi wa kowane silinda a tsaye, kuma a 1KD iyakar da aka amince da ita tana tsakanin -3.0 da +3.0. Ka ce a nuna maka lambobin a allo, da injin sanyi da kuma bayan ya yi zafi, ka ɗauki hotonsu. Akwai kuma gwajin man da ke komowa daga kowane nozul, inda ake tara shi a ƙananan kwalabe huɗu a kwatanta. In har za a cire su, a kai su wurin masu gwadawa a kan benci a kawo maka sakamako a rubuce. Wajen mayarwa, dole a sa sababbin wasar tagulla a ƙarƙashin kowane nozul. Tsohuwar wasa tana barin hayaƙin ƙonewa ya shiga baƙin mai, ya zama dunƙulen gawayi, ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta, injin ya ƙone a kan hanya. Wannan sanannen ciwo ne a 1KD, kuma maganinsa 'yan wasoshi ne masu araha.

Akwai shawarwari uku da in ka ji su ya kamata ka ɗauki makullinka. Na farko, a cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin injin, "saboda zafin Arewa". Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya tara gawayi, kuma ainihin abin da ya sa yake zafi, ko lagireto mai datti ne ko fanka, yana nan ba a taɓa shi ba. Na biyu, a cika lagireto da ruwan rijiya. Gishirinsa yana toshe ƙananan bututu ya ci ƙarfe, don haka ruwan sanyaya injin da kamfani ya ambata ake zubawa, na Toyota ruwan hoda ne ko ja. Na uku, a goge fitilar matsala a ce an gyara. Ka nemi a rubuta maka lambar matsalar kafin a goge ta, irin su P0093 ko P1229, don in ta dawo ka san ko ciwon jiya ne.

Kafin a fara aiki, a ba ka ƙiyasi a rubuce wanda ya raba kuɗin kaya da kuɗin hannu, kowane kaya da lambarsa. Da wannan lambar za ka iya tambayar farashi a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Kayan dila sukan fi tsada, kuma a kan filtar mai, nozul, bel ɗin taimin da famfon ruwa ƙarin ya cancanta, domin jabunsu sun cika kasuwa cikin kwalaye masu kama da na asali. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a caje ka kuɗin sabo a sa maka na Beljiyam. A buɗe kwalin a gabanka, a zuba tsofaffin a bayan motarka. Idan an canza bel ɗin taimin, a haɗa da abin da ke ɗaure shi da ƙaramar tayar da yake bi, a duba famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin, sannan a sake saita fitilar T-BELT.

Ranar karɓar mota

Ka zo da safe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Tashin farko da injin sanyi shi ke tona asirin nozul da hita, wadda ke ɗumama silinda kafin tashi. Ɗan farin hayaƙi na daƙiƙa kaɗan ba komai ba ne, amma wanda ya ci gaba yana nuna man da ba ya ƙonewa ko ruwa a silinda. Baƙin hayaƙi mai kauri yana nufin mai ya fi iska yawa, shuɗi kuma baƙin mai ne ke ƙonewa. Ka ɗauki makanikin da ya yi aikin ku fita tare, ku yi aƙalla kilomita 15, ku hau tudu idan akwai, ku gwada giyar taya huɗu a kan ƙasa mai laushi. Da kun dawo, a bar injin yana aiki ka leƙa ƙarƙashi da fitila. Kada ka kai hannu kusa da bututun nozul injin na aiki, domin man da ke tsartuwa da irin wannan matsin yana huda fata.

Rasit ɗin ya ƙunshi kwanan wata, adadin kilomita, lambar shasi, kayan da aka sa, da tsawon garantin aikin, wata nawa ko kilomita nawa. Idan matsalar ta dawo cikin wannan lokaci, ka koma da takardunka wurin manajan sabis, cikin natsuwa, ka kuma miƙa ƙorafin a rubuce ka riƙe kwafi. In bai saurare ka ba, ka kai wa kamfanin da ya ba shi dilancin, don su ke da ikon tsawata masa. A Najeriya akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da ke karɓar irin wannan ƙara. In kuma makaniki mai zaman kansa ne, shugabannin ƙungiyarsu ta NATA a yankin sukan shiga tsakani. Ka ajiye duk rasit ɗin gidan mai na makonnin da suka gabaci matsalar, domin abu na farko da za a ce maka shi ne gurɓataccen man gas ka sha, kuma gorar man da aka tsiyaye daga filtarka ranar da ka kawo motar ita ce za ta raba gardamar.